Ranar da Muka Sauke Tsanin Maharba

Mu uku muka shiga dajin nan ranar Asabar, kuma a cikinmu babu mai iya kiran sunan wani. Ni 'yar fari ce, don haka tun da aka raɗa mini suna mahaifina bai taɓa furta shi ba. Shekara talatin da huɗu ina amsa "yarinyar nan". Mijina kuwa surukinsa ne na fari, idan suka haɗu a falo sai kowa ya sami abin kallo a jikin kafet. Ni ma ba na kiran sunan mijina, Baban Hajo nake cewa, shi kuma ko za a yanka shi ba zai ce Safiyatu a gaban Baba ba. A takarda dai zan iya rubutawa: Ja'afaru. To ka ji mutanen da suka tashi sauke tsanin ƙarfe mai tsawon ƙafa goma sha biyar daga jikin bishiya, aikin da gaba ɗayansa ya rataya a kan wane ya ce wa wane ya riƙe.

Bari in koma baya kaɗan. A unguwar Old Trafford ta birnin Manchester muke zaune, ni ina aikin jinya a wani asibiti da ke kan Oxford Road. Ja'afaru ilmin gandun daji ya zo karantawa, da ya gama sai ya sami aiki da wata ƙungiya mai kula da ƙananan dazuzzuka a bayan garin Birmingham. Litinin zuwa Juma'a yana can, a wani ɗaki da ya kama a Handsworth, ƙarshen mako ya dawo mana da laka a takalmi. A dazuzzukan nan akwai barewa da yawa, suna cinye ƙananan itatuwa, saboda haka duk shekara ake kawo maharba masu lasisi su rage su. Maharbin ba a ƙasa yake tsayawa ba. Akwai tsani mai kujera a ƙolinsa, a jingina shi da bishiya a ɗaure, mutum ya hau ya zauna ya yi harbi ƙasa-ƙasa don kada harsashi ya wuce ya sami mai yawo da kare.

Sai aka shiga shekarun da gwamnati ta sa almakashi a kan komai. Laburaren unguwarmu ya koma buɗewa kwana uku a mako, ƙaramar hukuma ta janye tallafin da take ba ƙungiyar su Ja'afaru, ma'aikata shida suka koma biyu. Na biyun shi ne Manasseh, mutumin Kagoro, mai dariya kamar za ta tsaga mota. A watan Afrilu Manasseh ya je sauke irin wannan tsani shi kaɗai, domin babu wanda zai raka shi. Ya kwance ɗaurin sama yana zaune a kan kujerar, tsanin ya rabu da bishiya ya tafi da shi. Na je na duba shi a asibiti, kuma ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da hoton ƙashin bayansa yake faɗa. Yau da sanda yake tafiya, kuma an ce ma ya yi sa'a.

Tsani guda ya rage a cikin dajin, a watan Oktoba. An yi wa Ja'afaru alkawarin za a turo 'yan kwangila su sauke, wata uku ba su zo ba. Ga hutun tsakiyar zango na makarantu ya matso, ya kuma riga ya tsinci ledar alewa a kan kujerar, alamar yaran unguwar da ke kusa sun gano ta. Ranar Juma'a da yamma, bayan mun dawo daga bikin yaye ƙanwata Raki a jami'a, wanda shi ne ma ya kawo Baba ƙasar nan, na buɗe bayan mota zan ɗauki jaka sai na ga igiyoyi a naɗe da ɗamarar tsaro.

Na ce, "Baban Hajo, wannan fa?"

Ya ce, "It's fine. Minti ashirin ne."

Wallahi babu maganar da na tsana a bakinsa kamar wannan. Na rufe bayan motar da ƙarfin da ya sa maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga. Na ce masa minti ashirin ɗin Manasseh ma ya yi, kuma ni ban bar Tudun Wada na zo ƙasar sanyi don in riƙa juya mijina a gado duk bayan awa biyu ba, ina yi wa mazan wasu ya ishe ni. Na ce a littafinsu na aiki mutum nawa aka rubuta don sauke tsani? Ya sosa ƙeya ya ce uku. Na ce to uku za a yi, ko kuwa in kwanta a gaban motar nan.

Shi ne muka shirya: ni da Raki za mu riƙe igiya, shi ya hau. Raki ita ce auta, bakinta ba ya da ƙofa, ita ce ma tafintarmu tun zuwan Baba. Baba zai dubi bango ya ce, "A tambayi maigidan ko alƙibla nan ce," Raki ta juya ta ce, "Yaya Ja'afaru, wai nan ce alƙibla?" alhali tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Da Baba ya ji za a shiga daji sai ya ce zai bi mu ya sha iska. Maharbi ne shi, shekara arba'in yana shiga dajin Falgore, kuma mako biyu a gidan bene sun sa ya fara zagaya falo kamar wanda aka ɗaure.

Da safe muka bar Hajo wajen maƙwabciya, muka kama hanyar M6. Tafiyar awa biyu ce. Muna isa Handsworth, inda Raki ma take da ɗaki kuma ta koma tun daren jiya, sai ta fito da rigar aiki a jikinta, tana ta ba da haƙuri. Gidan tsofaffin da take yi wa aikin wucin gadi sun kira ta, mutum biyu ba su zo ba, kuma irin aikin nan ne da in ka ce a'a sau ɗaya ba za a sake kiranka ba. Ta leƙa ta tagar mota ta ce, "Ai ga Baba. Baba ya fi ni ƙarfi sau goma." Ta ruga ta kama bas ɗinta, ta bar mu da juna. Na dubi Ja'afaru ta madubi, na ga gumi a goshinsa cikin wannan sanyi.

Baba ya dubi gilashin gaba ya ce, "A tafi."

Dajin yana da ƙaramar ƙofa ta katako, daga nan sai siririyar hanya mai laka, don an kwana ana ruwa. Muna shiga Baba ya zama wani mutum. Kafaɗunsa suka miƙe, tafiyarsa ta daina ƙara. Ya tsuguna ya taɓa wani sawu da yatsa ya ce wa iska, "Gada ce, ƙarama. Da asuba ta wuce." Ja'afaru ya buɗe baki zai amsa, na ga murna a fuskarsa don lallai akwai wata 'yar barewa mai kama da gada a dajin, sai kuma ya haɗiye maganar. Haushi ya kama ni. Mutum biyu da duk duniya babu abin da suke so kamar itatuwa da sawun dabba, shekara bakwai suna gaisawa da kafet.

Tsanin yana jingine da wata ƙatuwar bishiya mai kaurin maɗaci. Na ɗaga kai na ga kujerar can sama. Ja'afaru ya zagaya ya duba ƙarfen ko ya yi tsatsa, ya girgiza matakala ɗaya-ɗaya, sannan ya tsaya ya yi bayani, yana kallon wani kututture da ke tsakanina da Baba. Abu biyu ne suke riƙe da tsanin, in ji shi: ɗamara a sama wadda ta zagaye bishiya ta matse kujerar, da sandar ƙarfe a tsakiya da ta tokare tsanin da gindin bishiyar. Zai hau ya ɗaura igiya biyu a kusurwoyin kujerar, ya zagaya da su ta bayan bishiya su gitta juna, ya jefo mana. Idan muka ja, kujerar za ta manne da bishiya ko da an kwance ɗamarar. Sai ya sauko, a cire sandar tsakiya, a kwantar da tsanin a hankali. Ya ce kafin ya taɓa ɗamarar sama zai yi magana, kowa ya amsa cewa ya riƙe.

Baba ya gyaɗa wa kututturen kai.

Ja'afaru ya sa ɗamarar tsaro, ya cire hularsa ya rusuna wa Baba kamar mai neman gafara, sannan ya fara hawa. Na san abin da yake damunsa. Zai je ya zauna a kujera a saman kan surukinsa, tafin takalminsa yana kallon rawanin dattijo. A gidanmu ko a kan tabarma ɗaya ba ya yarda su zauna. Yana isa sama ya maƙala ƙugiyar ɗamararsa a igiyar da ya zagaya wa bishiya, ya ɗaura igiyoyin nan biyu ya jefo. Na kama tawa na koma dama. Baba ya kama tasa ya tsaya hagu, kusa da ƙafar tsanin, ya sunkuyar da kai. Ba zai ɗaga ido ya kalli surukinsa ba, balle ta ƙasa.

Na ga Ja'afaru yana kokawa da maɗaurin ɗamarar. Shekara huɗu tana wurin, ƙarfen ya ci tsatsa, ɓawon bishiyar ma ya fara haɗiye ta. Ya buga, ya ja, ta ƙi. Sai sauri yake yi, irin saurin mutumin da yake so ya bar wuri. Ya zaro wuƙa daga aljihu. Wurin da zai yanka yana can gefen bishiyar, igiyar tsaronsa kuma ta gaza, sai na ga ya kai hannu ya cire ƙugiyar. Na ce a raina yanzu zai yi magana, yanzu zai ce mu riƙe. Ya dubi ƙasa, ya ga rawanin Baba, ya buɗe baki, ya rufe. Ya sa wuƙa.

Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na tsaya ina neman yadda zan yi masa tsawa a gaban mahaifina ba tare da na yi rashin kunya ba. Igiyata tana hannuna amma ban ja ta sosai ba, ta Baba kuwa har ta yi ciki, don shi yana jiran a ce masa ya ja.

Sunkuyar da kan nan ita ta cece mu. Baba yana kallon ƙasa, sai ya ga laka tana kumfa a gindin ƙafar tsanin ta hagu, ƙafar tana nutsewa saboda nauyin mutum ya koma gefe guda.

"Ja'afaru!"

Ban taɓa jin wannan murya ba. Tsuntsaye suka tashi daga bishiyar.

"Ja'afaru, saki wuƙar! Rungumi itacen!"

Wuƙar ta faɗo ta cake a laka. Amma ya riga ya ci rabin ɗamarar, sauran ya tsinke da kansa, fat. Na ga kujerar ta rabu da bishiya, na ga sarari ya buɗe tsakaninsu, na ga hannuwan mijina a jikin ɓawon itacen suna zamewa.

"Safiyatu, ja! Ja da baya, ki kwanta a kanta! Safiyatu!"

Na ja. Ban san ina da wannan ƙarfin ba. Igiyar ta ci tafin hannuna, na zauna daɓas a cikin laka na kafa dugadugai, ina jin Baba a ɗaya gefen yana nishi yana ja. Tsanin ya tsaya a iska yana rawa, ba ya gaba ba ya baya, sannan a hankali ya koma ya daki bishiyar, gum.

Baba ya ce, "Mayar da ƙugiyarka." Yanzu kansa a ɗage yake, idonsa a kan surukinsa kyam. "Ka mayar? Faɗa mini da bakinka."

Daga sama ya ce, "Na mayar, Baba."

"Safiyatu, akwai ƙaramin itace a bayanki. Zagaya igiyar sau biyu a jikinsa, kada ki naɗa a hannunki. Kin yi?"

"Na yi, Baba."

"To zauna nan, Ja'afaru, ka huta. Babu inda za ka sai ƙafarka ta daina rawa."

Ni dai hawaye ne kawai suke zuba, kuma in an tambaye ni na tsoro ne ko na wani abu, ba zan iya rabewa ba. Sau uku. Ina ƙirgawa a zuci kamar wata sakarya, mijina yana rataye a sama ni kuma ina lissafin sau nawa mahaifina ya faɗi sunana. Ashe ya san yadda ake faɗinsa. Har da ɗan jan "ya" ɗin nan, yadda Inna take yi.

Baba ya ɗaure tasa igiyar a wani itace, ya nemo faffaɗan dutse ya tura ƙarƙashin ƙafar tsanin da ta nutse, ya taka da ƙafarsa. Sannan ya yi magana, ba wa kututture ba.

Ya ce, "Mu in mun shiga daji, ko ubana ne a gabana sunansa nake kira, shi ma ya kira nawa. In ba haka ba wani zai harbi wani. Kunya a bakin daji muke ajiye ta, in mun fito mu ɗauka."

Na share fuska da gefen mayafi, haushina ya dawo. Na ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa tun a ƙofa?"

Ya ce, "Dajinsa ne. Mai daji shi yake kafa doka, baƙo ba ya riga shi. Na ga yadda ya duba ƙarfen nan kafin ya hau, na san ya san aikinsa. Jira nake ya ba ni umarni." Ya ɗaga kai. "Ja'afaru, kai ne babba a nan. Ka yi mana magana mu ji."

Sannan daga sama aka yi gyaran murya.

"Baba, ka riƙe?"

"Na riƙe."

"Safiyatu, kin riƙe?"

Na ce, "Na riƙe, Ja'afaru," kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Ya sauko mataki ɗaya-ɗaya, yana jan ƙullin igiyar tsaronsa tare da shi, bai cire ƙugiyar ba sai da ƙafafunsa biyu suka taka laka. Na so in rungume shi, na so kuma in kwaɗa masa mari, sai na yi abin da ya fi sauƙi, na ci gaba da riƙe igiyata. Sauran aikin da surutu muka yi shi kamar 'yan kasuwa. Ja'afaru ya kwance sandar tsakiya ya ce ya kwance, muka amsa. Ya sa Baba ya dafe ƙafafun tsanin da nasa ƙafafun don kada su zame, ni na riƙa sassauta igiya kaɗan-kaɗan ta jikin itace, shi kuma ya shiga ƙarƙashi ya tallafe, yana ja da baya yana karɓar matakala ɗaya bayan ɗaya a hannu. "Saki kaɗan. Tsaya. Baba, ƙafar dama. Saki." Har kujerar ta kwanta a kan ganye ba tare da ko ƙara ba.

Muka kwance shi gida uku. Wajen ɗaukowa ne bakinsu ya buɗe gaba ɗaya. Baba ya tambayi me ya sa ake harbi daga sama, Ja'afaru ya bayyana, Baba ya ce su ma suna ɗaura gado a kan itacen kirya kusa da mashayar dabbobi, amma da igiyar rama, kuma ba a taɓa barinsa ya kwana biyu a bishiya balle shekara huɗu. Ja'afaru ya nuna masa ƙananan itatuwan da ya dasa da hannunsa, ɗari uku, kowanne da rigarsa ta roba don kada barewa ta ci. Ya gaya masa abin da ni ma bai gaya mini ba, cewa wata ƙungiyar a kusa da Manchester ta kira shi ganawar neman aiki ranar Laraba, kuma yana tsoro. Baba ya ce ya je ya gaya musu yadda ya kusa faɗowa yau da abin da ya koya, don shi bai taɓa yarda da maharbin da ya ce bai taɓa kuskure ba. Ina biye da su da igiyoyi a kafaɗa, tafin hannuna yana zafi, babu wanda ya ko waiwayo ni. Ban ji haushi ba ko kaɗan.

Da muka hango ƙofar katakon sai na ji zuciyata ta yi nauyi, don na san abin da yake jiranmu a wajenta. Ja'afaru ya fita da ƙarafunan ya nufi mota. Ni ma na fita. Baba ne a ƙarshe, ya zo daidai ƙofar ya tsaya, hannunsa a kan katakon, ƙafafunsa biyu suna cikin daji.

Ya ce, "Safiyatu."

Na juya na ce, "Na'am, Baba."

Ya dube ni sosai, ido cikin ido, yadda bai taɓa yi ba. Na jira in ji aiken da zai yi mini.

Ya ce, "Ba komai. Mu je."

Ya tako waje ya ja ƙofar ya rufe. A cikin mota, muna hawa babbar hanya, ya dubi gilashin gaba ya ce a gaya wa yarinyar nan ta sa wa hannunta magani in an isa gida. Babu Raki da za ta isar da saƙon, don haka na amsa wa gilashin da kaina, na ce za ta sa.